Kwana Sha Uku a Littafin Kiran Suna

Shekara biyu bayan an sami mulkin kai aka ɗauki ɗana a makarantar koyon walda da ke Tambuwal. Ni Namadi, manomi ne a Kebbe. Karatuna na allo ne, sai ajin yaƙi da jahilci da na zauna rani biyu har na iya haɗa baƙaƙen boko. Yaron shi ne ɗan farina, shi kaɗai ne namiji kuma. Ba na kiran sunansa, kamar yadda ake yi da ɗan fari a wurinmu. Ɗan Inno muke ce masa, don tun yana rarrafe mahaifiyata Inno ta ɗauke shi zuwa ɗakinta.

Ranar da na kai shi, aka miƙo mini takarda mai shafi biyu, aka ce dokokin makaranta ne, in sa hannu a ƙasa. Na sa. Aka ba ni guda in tafi da ita. Na ninke ta huɗu na tura cikin gafaka, ban ƙara buɗe ta ba. A ganina doka ta yara ce, ni kuwa ba yaro ba ne.

Ana tsakiyar daminar shekararsa ta ƙarshe, maƙwabciyarmu Atu mai daddawa ta dawo daga kasuwar Tambuwal, ta leƙo gidanmu tun ba ta sauke kwando ba.

"Malam Namadi, kun ji kuwa? Wutar ƙarhen nan ta shiga idon Ɗan Inno. An ce yana kwance da tsumma ga huska, ko buɗe su bai iyawa."

Ina da shekara tara ubana ya makance. Ni na ja masa sanda har ya bar duniya. Saboda haka da na ji an ce ido, ban tsaya tambayar Atu wa ya gaya mata ba. Washegari da sallar asuba na hau keke.

Na iske shi a ɗakin kwanan ɗalibai shi kaɗai, sauran suna wurin aiki. Idanun sun kumbura sun yi ja, hawaye na zuba ba kuka ba. Ya ce ji yake kamar an cika masa su da yashi.

"Baba, ba komi ba ne. Garkuwar rufe huska nis sauke, sai na kusa da ni yak kunna wuta. Malam Ɗangiwa ya ce kwana biyu zai wuce. An ɗiga min magani."

Malam Ɗangiwa shi ne malaminsu na aiki. Ban san shi ba a lokacin, ban kuma ga dalilin da zan yarda da kwana biyunsa ba. Ubana ma cewa aka yi zai wuce.

"Tashi mu tahi gida."

"Baba, sai an gaya ma ohis. Akwai takardar da aka rubutawa."

"Su sunka haihe ka ko ni? Uba na neman izini ya ɗauki ɗanai?"

Na ɗaura masa rawanina a fuska, na ɗora shi a bayan keke. Mai dafa musu abinci kaɗai ta gan mu, na ce mata ta faɗa wa manya. Ko ta faɗa, ko ba ta faɗa ba, har yau ban sani ba.

A gida Inno ta karɓe shi. Ta shigar da shi ɗakinta, ta toshe taga da tabarma, ta jiƙa saiwoyinta. Kwana na uku ya fito tsakar gida yana kallon komai tar, har ya zura wa uwarsa Kulu zare a allura don mu gani. Ya ce gobe zai koma.

"Kai, angona, zamna!" in ji Inno. "Ido ba ya warkewa ƙasa da kwana bakwai. Ko wata kab bari can ka ƙosa ka ganta?"

Muka yi dariya, shi bai yi ba. Na goyi bayan Inno. Da kwana bakwai suka cika sai aka kwana biyu ana ruwa, rafin da ke kan hanya ya kawo, ba mai tsallakawa. Da ruwan ya janye kuma sai na dubi gonata ta gero, ciyawa ta taso, bayana yana mini ciwo. Na ce tunda ga shi a gida, ya taya ni mu gama maimai, sai in mayar da shi da kaina.

Kowace safiya, idan muna fita da fartanya, sai ya dubi rana ya ce a hankali, "Yanzu aka kiran suna." Na ɗauka kewar abokansa ce. Sau ɗaya ya ce mini, "Baba, kwana goma ɗai anka yarda mutum shi yi fashi." Na ce in mun gama kuyyan gonar nan.

Ranar da muka gama, ɗan aiken mai gari ya kawo takarda. Na zauna a zaure na bi ta baƙi baƙi da yatsa. Ta ce ɗalibi Abdulƙadiri Namadi ya yi kwana goma sha uku ba ya makaranta, ba izini, ba takardar asibiti. Bisa doka ta huɗu an cire sunansa daga waɗanda za su zauna jarrabawar sana'a a watan Disamba. A zo a kwashe kayansa.

Na ɗauko gafaka na zaro waccan takardar. Ga doka ta huɗu nan, shekara biyu tana kwance a ɗakina. Ana kiran suna ƙarfe bakwai da rabi. Makara uku daidai take da fashin kwana ɗaya. Wanda ya yi fashin da ya wuce kwana goma a zango guda ba tare da takarda ba, ba zai zauna jarrabawa ba. A ƙasa ga sunana da rubutuna mai karkace.

Yaron ya karanta tasa, ya ninke ta, ya ajiye a kan tabarma, ya fita waje. Da ya yi magana da ya fi mini sauƙi.

Kulu ta same ni a zaure. "Malam, Atu ta ce a je wurin malamin asibiti, a roƙe shi ya rubuta kwana sha ukun duk jinya ce."

Ba zan ɓoye ba, na sa hula zan tafi. Yaron ne ya tare ni a ƙofa.

"Malam Ɗangiwa ya ga idon da kainai, Baba. Ya san na kwana biyu ne. In mun kai mishi wagga takarda, ko sun maishe ni ba ni iya kallon huskatai."

Na cire hular. Na ce to, gobe mu tafi haka nan, hannu biyu.

Hanyar ta lalace da ruwa. Mun wuce rabi, keken ya faɗa wani rami da mu biyu a kai, ƙarfen wuyansa ya tsage. Muka tura shi har Tambuwal, muka isa bayan azahar da laka har gwiwa.

Shugaban makarantar, Malam Na'iya, mutum ne siriri mai tabarau, ba ya ɗaga murya. Ya ba ni kujera, na zauna a ƙasa.

"Wane ɗalibi ne naka?"

Yaron yana tsaye a waje. Na ce, "Wanda anka rubuto ma takarda, ranka shi daɗe. Na Kebbe."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya gane ɗan fari ne, bai matsa mini ba. Ya jawo wani dogon littafi mai baƙin bango ya juyo mini shi. Layin ɗana cike yake da alamar zuwa tun farkon shekara, ba makara ko ɗaya. Sai ga jan alƙalami sau goma sha uku a jere.

"Ranka shi daɗe, wagga ja duk tawa ce. Yaron ya ce a gaya muku, ni nih hana. Ya ce zai dawo, ni nir riƙe shi. In hukunci za a yi, ni za a yi ma."

"Na yarda, Malam Namadi. Amma ba kai za ka zauna jarrabawa ba. Mai jarrabawar daga Kaduna yake zuwa, kuma abin da yake fara buɗewa wannan littafin ne. Yana son ya ga yaro ya cika kwanakinsa a gaban wuta. Wanda aka ba takardar shaida, gobe shi zai haɗa ƙarfen gada ko tankin ruwa. Ba zan rubuta ya zo ranar da bai zo ba."

"Ban ce a rubuta ƙarya ba."

"To me kake so in yi?"

Ban sani ba. Na ce masa ban sani ba, amma ba zan ɗauki akwatin nan yau ba. Ya ce wannan ruwana ne, akwati ba ya cin abinci.

Na fita na zauna a gindin dalbejiyar da ke fuskantar rumfar aiki. Na ƙudurta a nan zan zauna har a gaji da ganina. Washegari ma nan na dawo tun kafin kiran suna. Na ji an kira yara ɗaya bayan ɗaya, aka tsallake nawa. Yana tsaye a bayan rumfa yana ji.

Aka tayar da inji, aka fara aiki. Ban taɓa ganin abin da ɗana yake koyo ba sai ranar. Wuta ce fara mai shuɗi-shuɗi, ta fi walƙiya haske, tana ƙara kamar ana soya nama. Yaran duk sun rufe fuska da garkuwa mai baƙin gilashi. Wani gajere kakkaura mai tabon ƙuna a hannu ya leƙo ya daka mini tsawa.

"Kai, baba na gindin icce! Juya baya! Ba a kallonta!"

Na ce a raina ina nesa, kuma ni ba yaro ba ne. Ina son in ga abin da ya kusa cinye mini idon ɗa. Na matso ma kaɗan. Na kalle ta sosai, na daɗe ina kallo.

Da la'asar sakaliya na fara jin yashi. Kafin magariba ba na iya buɗe ido, hawaye ya jiƙe mini gemu. Tsoron da na ji ba zan iya rubuta shi ba. Sandar ubana kawai nake gani. Na ji an kama hannuna, na ji muryar gajeren nan a kaina.

"Ai ga shi nan! Sau nawa nic ce ka juya? Ɗan ya sauke garkuwa da kuskure, uban ya zo tun daga Kebbe ya buɗe nashi da gangan. Abin na gida ne ashe."

"Kai ne Malam Ɗangiwa?"

"Ni ne mai kwana biyun da ba ka yarda da shi ba. Yanzu sai ka ƙidaya da kanka. Ko mu ɗora ka ga keke mu kai ma tsohuwa?"

Yaran suka fashe da dariya. Ni ma da ina da hali da na yi.

Suka kwantar da ni a ɗakin baƙi. Aka kira malamin asibiti ya ɗiga mini magani, ya rubuta 'yar takarda, ko minti biyar bai yi ba. Ɗana ya riƙa jiƙa tsumma da ruwan randa yana sa mini. Na ce masa, "Wagga ce takardar da kac ce ana rubutawa?" Ya ce ita ce. Abin da ya rage ke nan a yi masa ranar da na zo na sace shi kamar akuya.

Kwana na biyu da hantsi Malam Ɗangiwa ya shigo yana tura wani abu. Ya kama hannuna ya ɗora a kan ƙarfe.

"Shafa nan. Mi kaj ji?"

Wuyan kekena ne. Inda ya tsage na ji wani layi mai tudu kaɗan, a jere kamar ƙwayar gero a jikin zangarniya, ba rami ba kaifi.

"Ɗanka yay yi shi, bayan an tashi, don ba shi da izinin shiga cikin lokacin aiki. Shekara tara nika koyarwa. Masu hannu irin wanga ba su kai biyar ba. Shi kaɗ ɗauka ka kai maimai."

"Malam, na yi kuskure. Ba wata hanya?"

Ya jingine keken a bango. Sannan ya ce, "Ka karanta doka ta biyar?"

"Ta huɗu ma kwanan nan nik karanta."

"Allah shi kyauta. In idonka ya buɗe, ka karanta."

Washegari da safe na buɗe ido na ga rufin ɗaki, na ga ƙudan da ke yawo a kai. Kwana biyu cif. Na yi alwala na yi sujada, sannan na nemi takardar. Doka ta biyar gajeriya ce. Ta ce ɗalibin da ya yi fashi yana iya rama kwanakinsa a lokacin hutu, idan malamin aiki ya yarda ya buɗe masa rumfa, shugaba kuma ya amince.

Hutu ɗaya ne ya rage kafin Disamba: mako biyu na kaka, wanda ake sakin yara su je su taya iyayensu girbi.

Muka shiga ofis mu uku. Malam Na'iya ya dubi jajayen idanuna, ya gyara tabarau, ya juya ga malamin.

"Malam Ɗangiwa, ba ka da gona a Dogon Daji?"

"Ina da. Ina da ƙanne kuma. Ga gadajen asibitin nan guda goma da anka kawo gyara, dama wani zai yi su. In yaron zai riƙa min, ni ka buɗe rumfa. Amma ƙarhe bakwai da rabi zan kira suna, ko shi ɗai ne."

Shugaban ya juyo gare ni. "Ka ji. Kwana goma sha uku, hutun kwana goma sha huɗu ne. Juma'a ɗaya zai huta, kuma a nan zai yi ta. Daga yau har jarrabawa, in ya ƙara fashin kwana ɗaya, ko makara ɗaya, magana ta ƙare. Ba girbi, ba suna, ba biki. Wa zai yanke maka gero?"

Na tuna gonar, kadada mai faɗi da muka shuka da lissafin hannu biyu. Na tuna bayana. Idan gero ya nuna aka bar shi tsaye, tsuntsu da ruwan ƙarshe ba sa jiran kowa.

"Ni zan yanke."

"To rubuta da hannunka. Ka sa sunan ɗalibin cikakke, don kada a ce wani ake nufi."

Ya miƙo alƙalami. Shekara goma sha tara ban furta sunan nan ba, ban rubuta shi ba. Yaron yana tsaye a bayana, ina jin numfashinsa. Na rubuta: Ni Namadi na yi alkawari ba zan ƙara ɗauke Abdulƙadiri daga makaranta ba sai da izini. A wurin ƙa tawada ta ɗiga. Malam Na'iya ya danna mata takardar tsotsewa, ya ajiye a cikin baƙin littafin.

Na koma Kebbe ni kaɗai a kan keken.

Kakar ta zo da wuya. Na kira gayya, mutum shida suka zo mini wuni ɗaya, don kowa nasa ya nuna. Sauran ni da Kulu da 'yarmu Yelwa muka yi, ni ina yanka, su suna tarawa. Wata rana na durƙusa na kasa miƙewa sai da Yelwa ta ja ni. Ɓangaren gabas bai samu hannu da wuri ba, ruwa ya sauko a kansa, ya yi baƙi. Na tsaya na dube shi, na san damin da ya tafi.

Inno ba ta bar ni na huta ba.

"'Ya'yan kowa sun dawo, nawa na can yana gyaran gadon wasu. Kai da kaɗ ɗauko shi don ido, ba ka ɗauko shi don abinci? Hau keken nan ka zo min da mijina."

"Inno, na sa hannu."

"Hannun naka ya hi bakina?"

Ban taɓa ƙin maganarta ba tun da na yi wayo. Na ce mata ta yi haƙuri, wannan karon ba zan je ba. Ta kwana biyu ba ta amsa gaisuwata. A na uku ta kira Kulu ta ce a daka sabon gero a yi gumba, tunda an hana yaro zuwa, ai ba a hana shi ci ba.

Ana gobe kwana sha ukun za su cika na ɗaure gumbar a bayan keke. Na kwana a Tambuwal wurin wani ɗan'uwa don kada in makara. Makarantar shiru, ba kowa, akuyoyi na kiwo a filin. Gadaje goma suna jere a bakin rumfa, an shafa musu fenti. Na tsaya a gindin dalbejiyar nan.

Malam Ɗangiwa ya fito da baƙin littafi a hammata. Ya dubi agogonsa, ya buɗe littafin, ya gyara murya kamar yara talatin ne a gabansa.

"Abdulƙadiri Namadi!"

"Na'am, Malam!"

Ya yi alama. Sannan ya ɗago ya hango ni.

"A'a, baba na gindin icce! Yau wa kaz zo sacewa?"

"Gumba nik kawo."

"Ajiye nan, malami ka fara ɗanɗanawa. Je ka duba allon ohis, tunda yanzu ka koyi karatun doka."

Na je. An liƙa sabuwar takarda ta masu zama jarrabawar Disamba. Na bi ta da yatsa. Sunan yana can ƙasa, na ƙarshe, an ƙara shi da alƙalami, Malam Na'iya ya sa hannu a gefe. Ya bar wurin kwanan wata a buɗe, sai an tashi aiki yau za a cike.

Na dawo gindin itacen. Yaron ya gaishe ni daga nesa, ya tambayi Inno, ya tambayi gero. Na ce gero ya shiga rumbu. Ban faɗa masa na gabas ba. Ya so ya matso, na yi masa hannu ya koma, lokacin aiki ya yi.

Aka tayar da inji. Ya ɗauki garkuwarsa ya rufe fuska. Na juya baya na zauna, ina fuskantar hanyar Kebbe, ina jin ƙarar wutar, har aka kira azahar.